Kunne a Jikin Bango

Shekara talatin da ɗaya ke nan
ina hawa benayen Sabil da jakar sufana.
Jidda ta san takuna, ni na san cikinta,
inda take tari, inda take kuka a ɓoye bayan siminti.

Hajiya Tasalla ta aiko jikanta tun hantsi,
wai aljani ya tare a magudanar kicin,
cikin dare yana kurkure baki, gululu, gululu.
Kwana bakwai tana hayaƙin lubban.
Na yi bisimilla, ni ma ba na raina abin da ban gani ba,
na kwance gwiwar bututu.
Ga kitsen ragon layya, fari fat, ya daskare kamar sabulu,
ga shinkafar kabsa, ga tukar gahawa,
ga ƙaramin cokalin shayi
wanda aka sallami mai aiki a kansa bara.
Na ce, Hajiya, da hannunki kika yi kiwon aljanin nan.
Ta ce, ai kullum ina bin mai da tafasasshen ruwa.
Na ce, rakiya kawai yake yi masa,
a kwana ta biyu ruwa ya huce ya wuce,
mai ya shimfiɗa tabarma ya zauna.
Ba ta ji ni ba.
Cokalin take kallo.

Alhaji Nomau shi maganinsa kwalba ce mai hoton ƙoƙon kai.
Da ya ga ruwa na jan ƙafa, sai ya tuttule ta duka,
ya ƙara wata don a gama magana.
Toshiyar tana nan daram,
bututun ne ya yi laushi kamar dafaffiyar kabewa,
rufin maƙwabcinsa na ƙasa ya zana taswira.
Yanzu ba sa gaisawa ko a ƙofar masallaci.

Akwai masu murɗe famfo kamar sun kama ɓarawo.
Roba ce fa a ciki, ba ta kai kwabo faɗi ba,
lallashi take so.
Ka matse ta yau, gobe ta tsage,
jibi ka ce kayan zamani ba su da ƙarko.

Ɗigo kuwa, kowa ya ce ɗigo ne kawai.
A garin da sai an raba teku da gishirinta
kafin yaro ya wanke fuska!
Ku tambayi wanda ya kwana a layin motar wayit,
takarda a hannu, zufa har cikin takalmi,
nawa ake sayar da ɗigo idan ya taru.

Na hau rufin wani gida a Karantina,
mai gida na rantsuwa ruwan da ke rufe ba ya datti.
Na ɗaga murfin tanki. Ban ce komai ba.
Na kira shi ya leƙa,
yashi kamu guda, da gashin tattabara yana iyo.
Ya sauko a hankali yana riƙe da ciki.

Yaron da nake koya wa, Sidi, yana son guduma.
Na ce ajiye. Sa kunnenka a bango tukuna.
Bututu ba ya fashewa bai yi sallama ba,
wata uku yana magana, ba mai amsawa.

To, ni ma ga tawa.
Famfon tsakar gidana yana ɗiga tun watan azumi.
Robar tana aljihuna, riyal ɗaya na saye ta.
Gambo ta gaji da faɗa, ta kafa kwanon sha a ƙasa,
da safe ta juye wa na'ana'arta ta cikin gwangwani.
Ban gaya mata ba:
idan dare ya raba, na'urorin sanyi suka yi shiru,
ɗas,
ɗas,
haka indararon ɗakin innata yake yi
bayan an ɗauke ruwan Agusta.
Ina da sha tara na baro shi yana ɗiga.

Gobe zan gyara.
Haka na ce jiya.